Ado da ƙyallen atamfa a jikin tishat: me yasa take tattarewa, zare kuma ya tsinke?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, ina wuni, ya aiki ya yara. Ni daga wani ƙauye nake a ƙasar Taura, ina ɗan taɓa ɗinki a gida da keken Butterfly na ƙafa, riga da zani da kayan yara haka. Ran Lahadi maigida ya siyo min tishat guda shida a gwanjon kasuwar Gujungu, masu kyau wallahi amma ba ado ko ɗaya a jikinsu, sai nace bari na sa musu ƙyallen atamfa tunda ina da su cike da buhu, yara su samu na sawa da sallah in ya karɓu kuma na dinga yi ina saidawa. Na gwada a guda ɗaya, na zagaye wuyan da atamfa, na kuma ɗora wata a kwance a ƙirji daga hammata zuwa hammata. Tun a kan keke abin ya fara tattarewa keken na ta tsallake, da na gama nazo sa wa yarinyar kai yaƙi shiga, da aka ɗan matsa sai naji zare yana ƙas ƙas yana tsinkewa. Bani da keken zigzag, garinmu ba wuta sai dutsen guga na gawayi. Dan Allah keken nawa ne bazai iya ba ko akwai dabara? Yaran mata ne, ɗaya shekara 4 ɗaya 7, akwai kuma guda ɗaya babba da nake so na gyara wa kaina ta zaman gida.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƴar uwa, lafiya lau alhamdulillah, Allah ya raya mana yaran. Ki kwantar da hankalinki, kekenki lafiyarsa ƙalau kuma zai yi wannan aikin tsaf, ba sai kin nemi zigzag ba. Abinda ya faru shine kin haɗa yadi biyu da halinsu ba ɗaya ba, kuma kika haɗa su a daidai gurin da bambancin nasu yafi fitowa.

Ita atamfa saƙarta irin ta tabarma ce, zare a tsaye zare a kwance, wannan ya hau wancan ya shige, duk a miƙe suke, shi yasa ko kin ja ta bata da inda zata ƙara. Ita kuwa tishat zaren lanƙwasa shi aka yi ana saƙala shi cikin ɗan uwansa, saƙa ɗaya ce da ta suwaita da safar jarirai sai dai zaren siriri ne sosai, in kin kai ta gun haske kika ɗan tale zaki ga ƴan madaukan da idonki. In aka ja sai madaukan su buɗe, in aka saki su koma. Ɗauki ɗaya daga cikin rigunan yanzu ki ja ta ta faɗi, sannan ki ja ta ta tsawo, zaki ga ta faɗi tafi talewa nesa ba kusa ba. To da wannan talewar ta faɗi rigar take shiga jiki, wuyanta ƙarami ne baikai girman kan yarinya ba, buɗewa yake kai ya wuce ya koma ya kwanta, haka ƙirjin ma sai ya buɗe kafin kafaɗu su wuce. Ke kuma kika zagaye wuyan da abinda baya buɗewa, kika ɗaure ƙirjin daga hammata zuwa hammata, kinga kin kulle ƙofofin guda biyu kenan. Shi kansa miƙaƙƙen ɗinkin keke baya talewa, zaren sama da na ƙasa a ɗaure suke, da yadi ya buɗe shi bai buɗe ba dole ya tsinke.

Saboda haka kafin ki ɗau almakashi, ki sa wa yarinyar rigar ki tsaya ki kalli yanda take shiga da yanda take fita, ki ga ina da ina ne yake buɗewa. Duk inda yake buɗewa ba gurin atamfa bane. Gefe ɗaya na ƙirji, tsakiyar gaba daga sama zuwa ƙasa, ƙasan riga ta gaba, bakin hannu in mai faɗi ne, nan ne filinki. Ni a gurina ado ƙarami a gurin da ya dace yafi babba kyau a jikin irin wannan rigar, dan ita kyanta ta kwanta a jiki ta bi shi, da kin cika mata atamfa sai ta sandare ta dena daɗin sawa, yaro kuma in riga ta dame shi bazai yarda ya ƙara sa ta ba komai kyanta.

Waccan da kika riga kika ɗinka kar ki yar. Ki farke ta amma ba da reza a tsakanin yadin biyu ba, dan reza na taɓa madauki ɗaya rami ne, ramin tishat kuma tafiya yake yana ƙaruwa. Ki juya ta ciki, ki dinga yanke zaren ƙasa da bakin ƙaramin almakashi duk bayan ɗinki uku ko huɗu, sai ki juyo ki zare na saman, zai taho da kansa. Ki jiƙa ta ki ɗan murza gurin da yatsa, yawancin hujin allurar zai rufe. In akwai wanda yaƙi rufewa ki kama shi da zare da allura, daga baya a ɗora fure a kai. Ita ce ma zata zama ta gwajinki, duk abinda zan faɗa ki fara gwadawa a jikinta tukunna.

Wanki ne farkon aiki. Rigunan gwanjo dama dole a wanke su tas a shanya a rana kafin su taɓa jikin yaro, kuma suna da wani amfani da sababbi basu da shi, sun riga sun sha wanki a can inda suka fito, duk tsukewar da zasu yi sun gama. Ƙyallen ne bai sha ruwa ba. Atamfar auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, ga gam ɗin da yake jikinta, in kika ɗinka ta a haka ranar da aka wanke sai ta ja rigar ta yamutse ta, ki rasa me ya faru alhali kin ɗinka daidai. Ki jiƙa ƙyallayen ki wanke da sabulu, ki shanya ki goge. A nan ne kuma zaki gane mai zuba, ki samu farin tsumma ki jiƙa ki goga a kan ja da shuɗi da baƙi, in launi ya fito a tsumman to wannan bata hawa farar riga ko mai haske, ki ajiye ta sai baƙar riga ko ruwan bula. Maganar a jiƙa da gishiri ta dena zuba kar ki dogara da ita, mai zuba sai ta gama zubarta.

Ki kuma duba nauyi. Holan ta kamfanin Vlisco da Kodebuwa auduga ce zalla, suna da jiki, suna karɓar guga su kwanta lif, kalmasa a jikinsu daɗi gareta, amma a kan tishat mara kauri sosai sai ki yi ƙarami dasu dan kar su rinjaye ta. Masu arhar nan da suka cika kasuwa da yawansu roba ce a ciki, basa riƙe kalmasa kuma wuta na yin yawa su narke. In kina so ki gane, ki yanki ɗan siriri ki kai bakin wutar murhu, auduga zata ci ta bar toka mai laushi, mai roba kuwa zata nannaɗe ta dunƙule tayi tauri tana warin leda. Shadda da leshi mai duwatsu ki bar su, sun yi wa wannan aikin nauyi. Ita ma rigar ki duba ƴar takardar da ke wuyanta ko gefenta in bata goge ba, wadda aka rubuta 100% cotton tafi sauƙin ɗinki, mai 95% cotton da 5% elastane, wato auduga da ɗan zaren roba mai talewa a ciki, tafi talewa kuma tafi sa keke tsallake, mai polyester kuma ita ce zaki fi kiyayewa gun guga.

Yanzu maganar keke. Tsallaken da kika gani yawanci allura ce. Nasan abinda ke kan kekenki bazai wuce lamba 14 ko 16 ba mai tsinin nan ta ɗinkin atamfa da shadda, to ita huda zare take, a jikin tishat kuma sai ta yanke madauki ko ta tura yadin ƙasa ya biyo ta sama, ƙoshiya ta kasa kamo zare, shine tsallaken. Akwai allurar da aka yi domin yadi mai talewa, bakinta a ɗan dunƙule yake, ratsawa take tsakanin madaukai bata yanka su. In zaki bada saƙo ki rubuta a takarda dan kar a kawo miki wata, a jikin kwalin ana rubuta Ball Point ko Jersey ko Stretch, lamba 75/11 ko 80/12, in rigar mai kauri ce 90/14. Kuma a ce ta keken gida, wadda gindinta yake da ɓari ɗaya a shafe, kamfanin Organ suna rubuta mata HAx1, dan ta babban keken masana'anta DBx1 gindinta zagayayye ne bazata zauna a Butterfly ba. A kasuwar ƙauye ba lallai a samu ba, amma masu kayan teloli a Sabon Gari ko Ƙofar Wambai a Kano nan ne gurin nema, duk mai shiga birni zai iya taho miki da ita. Kafin ta iso, ki sa sabuwar lamba 11 ko 12 wadda bata taɓa aiki ba, siririya sabuwa tafi tsohuwa mai kauri sau nawa.

Zare ki sa na polyester mai kyau sama da ƙasa, yafi na auduga jure ja, banda tsohon zaren da ya daɗe a rana yana tsinkewa a hannu. Tsawon ɗinki matsakaici, kamar 10 zuwa 12 a inci ɗaya, in yayi ƙanana da yawa yana tale yadin yana kuma cinye shi. Sai wani abu da mata da yawa basu taɓa taɓawa ba a kekensu, a can saman kan keke ta hagu, daidai saman takalmin da yake danne yadi, akwai wani noti da ake murzawa da hannu, shine yake ƙara ko rage dannewar. Ki sassauta shi kaɗan. In takalmin ya danne da ƙarfi, haƙoran ƙasa na jan yadi gaba shi kuma yana riƙe shi, tishat sai ta tale a ƙarƙashinsa a ɗinke ta a tale, tana fitowa ta nemi komawa atamfa ta hana ta, wannan shine tattarewar da kika gani tun a kan keke. Ki tuna yawan murzawar da kika yi dan ki mayar in zaki koma ɗinkin atamfa.

Sai takarda. Ki yago fallen littafin makaranta mara rubutu ki sa a ƙarƙashin rigar, tsakaninta da haƙoran keke, ki ɗinke har da ita, in kin gama ki yage a hankali, guntayen da suka maƙale ruwa zai fitar. Jarida kar ki sa a farar riga tawada na shafa. Takardar nan ita take hana rigar talewa da kuma hana keke cusa ta cikin ramin allura, gaskiya rabin matsalarki ita zata ɗauke. Hannunki kuma kar ya ja, ba ta gaba ba ta baya, ki dai saita hanya keke ya ci da kansa, ki tattaro sauran rigar ki ɗora kan tebur kar ta rataya nauyinta ya dinga janta. Kullum atamfa a sama tishat a ƙasa.

Ki fara da aljihu, shine mafi sauƙi kuma yana fitar da riga. Na yara inci 3 da rabi ko 4 ya isa, ki ƙara rabin inci ta gefuna da ƙasa, inci ɗaya ta sama. Ki kalmashe saman ki ɗinke shi shi kaɗai tukunna, sauran gefunan ki kalmashe da guga. Ki shimfiɗa rigar a kan tebur ko faranti babba ta kwanta da kanta ba ja ba tattara, ki zura kwali a cikinta dan kar ki haɗa gaba da baya, ki ɗora aljihun ki kama shi. Fil kaɗai baya isa, tishat zamewa take, gara ki bi shi da zare da allura manya manya wanda zaki zare daga baya, ko ki sa ƴan guntayen hemin gam, siririn gam ɗin nan na teloli da zafin guga ke narkarwa ya manne yadi, a ƙarƙashin kalmasar ki danna da guga. Amma hemin gam riƙo ne na ɗan lokaci, wanki biyu uku zai saki, dole a bi da ɗinki. Kusurwoyin sama guda biyu nan yara ke zura hannu su ja, to ta cikin rigar ki sa ɗan guntun tsohuwar tishat a bayan kowace kusurwa ki ɗinke tare, in ba haka ba nan rami zai fara.

Wanda nafi so kuma shine yanko furen jikin atamfar kanta. Atamfa da yawa zanenta ɗaiɗai ne, fure ko ganye ko tsuntsu ko zagaye, ki zaɓi wanda bashi da lunguna da yawa ki yanko shi ki bar kwatan inci a kewaye. Tunda baki da zigzag bazaki bar bakin a buɗe ba, zai dinga zarewa duk wanki, kuma kalmashe abu mai zagaye da hannu wahala ne baya fita sumul. Ga yanda ake yi. Ki samu shafi mara nauyi ki ɗora furen a kansa fuskar mai kyau tana kallon shafin, ki ɗinke kewayen gaba ɗaya ki rufe ruf ba ki bar ƙofa ba, ki rage bakin, ki ɗan tsattsaga shi da bakin almakashi a inda ya lanƙwasa amma kar ki kai ga zare, sai ki ɗaga shafin shi kaɗai ki tsaga tsakiyarsa ki juyo furen ta nan. Ki fito da gefunan da bayan allurar saƙa ko tsinke mara tsini, ki goge. Zaki ga ya fito bakinsa a rufe tsaf, tsagar kuma tana baya ba mai ganinta. Sai ki ɗora a riga ki bi gefen da ɗinki. Girman kar ya wuce tafin hannunki a rigar yara, in kina son ya cika ido ki yi ƙanana guda uku ki jera su a karkace daga kafaɗa zuwa ƙirji ki bar tazarar yatsa biyu a tsakaninsu, ta wannan tazarar rigar zata samu gurin buɗewa.

Har ila yau ba dole sai atamfa ba. Guntun wata tishat mai launi daban shima ado ne, kuma shi baya zarewa, ki yanka zuciya ko tauraro ko harafin farkon sunan yarinya ki ɗora ki ɗinke ba kalmasa ba komai, halinsu ɗaya da rigar tare suke talewa.

Taki ta zaman gida kuma tsiri a tsaye zai mata kyau, faɗin inci 2 zuwa 3 daga ƙasan wuya har ƙasa, ko ya tsaya a rabi ki yi masa baki mai tsini. Ki ninka rigar biyu ki fitar da tsakiya da alli ko guntun sabulu, dan idon mutum na saurin kama abinda ya karkace a tsakiyar gaba. Gefen dama da na hagu duk ki ɗinke su daga sama zuwa ƙasa, kar ki sauko ta ɗaya ki hau ta ɗaya, yin hakan murɗe tsirin yake.

Wuya shine mai wuyar, ki bar shi sai hannunki ya faɗa. Hanya mai sauƙi ita ce kar ki taɓa robar wuyan sam, ki yanka atamfar ta bi shacin wuyan ta gaba kawai, a ƙasan robar, kar ta kai ɗinkin kafaɗa, sai robar da bayan wuyan su ci gaba da buɗewa. Ki kama da ɗinkin hannu ki gwada a kan yarinyar kafin ki hau keke. In kuwa lallai zagaye wuyan kike so gaba ɗaya, to sai an tsaga, kuma lissafi ne. Ki auna kan yarinyar da tef har da kitsonta, ki ƙara inci ɗaya, ki auna zagayen wuyan rigar a kwance ba ja, abinda ya rage tsakaninsu ki raba biyu, shine tsawon tsagar, tunda tsaga baki biyu gareta. Misali kai inci 20, kin ƙara ɗaya 21, wuyan riga 14, saura 7, tsagarki inci 3 da rabi kenan. Yanda zata fita da kyau, ki ɗora atamfar ta cikin rigar fuskarta mai kyau tana kallon cikin rigar, ki zana layin tsagar, ki ɗinka gefe da gefensa kwatan inci ki tsuke su su haɗu a ƙasa da ƙananan ɗinki, ki tsaga tsakiya har dab da ƙarshen, sai ki juyo atamfar waje ki goge ki kalmashe bakinta ki bi da ɗinki. A sama ki sa maɗauki da maɓalli.

Akwai kuma mayar da tishat doguwar riga, wanda inaga shine zaifi miki kasuwa da sallah, sama tishat ƙasa atamfa mai tattara. Nan ne kaɗai zan ce ki ja rigar da gangan. Ki yanke tishat ɗin a ƙugu, ko inci 2 zuwa 3 ƙasa da hammata ga ƴar shekara 4 ɗin, ki yanka atamfa faɗinta ya ninka zagayen rigar sau ɗaya da rabi zuwa biyu, ki haɗa gefe ki kalmashe ƙasa, ki yi layi biyu na dogon ɗinki a sama ki ja ki tattara. Amma kar ki tattara ta daidai da bakin tishat, ki auna ƙirjin yarinyar ki ƙara inci 3 ko 4 ki tsaya a nan, dan ta wannan gurin kafaɗunta zasu wuce. Ki raba bakin rigar gida huɗu, na atamfar ma huɗu, ki haɗa alama da alama, sai ki dinga ɗan tale tishat ɗin tana kaiwa faɗin atamfar kina ɗinkawa, layi biyu kusa da juna, in kin gama ki zare zaren tattarar. In kika ga nauyin atamfar yana jan rigar ƙasa ki ɗinka siririyar roba ta kwatan inci a jikin bakin haɗin ta ciki, zata riƙe.

Kar kuma ki raina ɗinkin hannu, musamman in kina ɗinkin hula ko akwai masu yi a gidanku, wannan hannun shine ake nema a nan. Ɗinkin sarƙa da zaren hula yana ɗan bada gurin talewa fiye da na keke in baki ja shi ya ɗame ba, kuma shi kansa ado ne in kika zagaye fure dashi da launin da ya fito. Bakin hannun rigar yara ma da hannu yafi sauƙi tunda baya shiga ƙarƙashin keke sai an farke hammata. Ƙananan ƙyallayen da basu isa komai ba kuma ki kifa kofi ki zana zagaye ki yanka, ki kalmashe bakin kaɗan kina binsa da zare, ki ja ya tsuke ki danna shi ya baje, zai baki ɗan fure mai tattara kusan rabin faɗin da kika yanka, ki kama shi a kafaɗa ko bakin aljihu. Sai dai dan Allah duwatsu da ƴan ƙananan maɓallai kar ki sa a rigar yaron da bai wuce shekara 3 ba in kin fara na saidawa, suna ɓallewa su kai baki, ko na ƴar shekara 4 ɗin ki ɗinke maɓallin da zare ninki ki ja ki tabbatar.

Dutsen gawayi yana yi, kiyayewa kawai yake so. Ki bari zafin ya ɗan sauka, ki goge ƙasansa da tsumma, ki busa tokar nesa da kayan. Duk kalmasar atamfa ki gama goge ta ita kaɗai kafin ta hau riga, nan ne ake buƙatar zafi. In ta hau riga kuma sai ki shimfiɗa farin ƙyalle mai ɗan danshi a kai, ki danna ki ɗaga, ki danna ki ɗaga, banda jan dutsen gaba da baya dan yana tale rigar ta ƙi komawa. Mai polyester zafi na yawa take ƙyalli ko ta narke, mai elastane kuma robar ce take mutuwa ta saki. In ɗinki ya ɗan yi tudu da kwari, wannan danshin da dannawar sau da yawa yana kwantar dashi.

Gun wanki a juya ta ciki, a wanke da hannu ba dirza a kan adon ba, banda Hypo ko da rigar fara ce dan zai cinye launin atamfar, a matse a hankali ba murɗawa ba, a ninka ta biyu a kan igiya a inuwa, in aka rataye ta ta kafaɗa tana jiƙe nauyin ruwa zai ja ta tayi tsawo wuyan ya saki. Wannan ki dinga faɗa wa duk wadda ta siya a gunki.

Ki fara da aljihu ɗaya da fure ɗaya a jikin waccan ta gwajin, ki wanke ta ki ga yanda ta fito kafin ki taɓa sauran biyar ɗin. In kin zo kan wuya kuma lissafin ya rikice miki, ki turo min awon kan yaran da na wuyan rigunan na fitar miki da tsawon tsagar. Allah ya sa albarka a sana'ar, a gaida mutan gida.